Zuciyar Tarwaɗa a Kwanon Bibata

Alfari mai taru bai taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, amma ya san ƙofarta. Shi ne yake ɗauko ƙanensa Zakariya'u a jirgi daga tungarsu kowace safiya, ya sauke shi a bakin ruwan Gaya, ya tasa ƙeyarsa yana kuka har gaban malami. Saboda haka duk ilimin da yaron ya tara daga baya, Alfari yana ganin rabi nasa ne. Yaro ya wuce Doso, ya wuce Yamai, ya faɗa Faransa, aka daina jin ɗuriyarsa. Alfari ya zauna da matarsa Bibata mai bandar kifi, da jirgin da ya gada wurin ubansa, wanda faci ya yi masa yawa har ba a san ainihin katakonsa ba.

A zamanin soja, shekarar da aka rufe iyakar Najeriya, fetur ɗin Kamba ya koyi iyo. Jandarmomi suka ɗaga tarun Alfari suka tarar da gwangwanaye a ƙasa. Ya rantse musu cewa a ruwa ya kamo su, shi ma mamaki yake yi. Aka ja jirgin har gaban bariki aka kifar. Kumandan ya sa aka yi shela: ranar da Kanar zai zo rangadi daga Yamai, za a ƙone jirgin a gabansa da fetur ɗin da ya ɗauko, don kowa ya ga aya. Alfari ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. In jirgin ya ƙone, sai dai ya koma dako a bakin gada.

A makon nan ne rediyon Kabo mai shayi ya ambaci Gaya. Aka ce wani ɗan garin, Dokta Zakariya'u, ya ciro ƙwayoyin naman zuciya, ƙanana waɗanda ido ba ya gani, ya sa su a faranti cikin ruwan gishiri, suna ta bugawa babu jiki. Aka ce ya rubuta takardu da yawa, likitocin Turai suna kafa hujja da sunansa. Kafin labarin ya kai kasuwa, ƙwayoyin sun zama zuciya sukutum, ta wani Bature, wanda yake yawo a Faris da ransa yana jiran a gama a mayar masa.

"Wannan ai aikin gidanmu ne," in ji Alfari, yana hura shayin da Kabo ya ba shi na jaje. "Ni na fara nuna masa. Bai ma gama koya ba aka tafi da shi."

"Kai da ko zuciyar kaza ba ka san inda take ba," in ji Kabo.

"Kaza ta masu koyo ce."

Maganar teburin shayi ba ta kwana ba ta kai bariki. Kumandan kuwa yana cikin damuwa, don ba shi da abin nuna wa Kanar sai rawar samariya da ƙona tsohon jirgi, kuma an ce Kanar ya ga irinsu a kowane gari tun daga Doso. Ya sa aka kirawo Alfari.

"An ce kai ka koya wa likitan nan na rediyo."

"Mutane suna ƙarawa, mon kumandan."

"Ƙarya ka yi ke nan?"

Alfari ya dubi bulalar da ke rataye a bango. "A'a. Tawali'u nake yi."

"To. Ranar da Kanar ya zo, ka kawo zuciya a faranti tana bugawa. In ta buga, ka ɗauki jirginka. In ba ta buga ba, kai za ka ƙyasta ashanar."

Alfari ya koma gida ya zauna kusa da murhun banda ya riƙe kai. Bibata ta saurare shi tana fasa cikin kifi, ba ta ko ɗago ba.

"Baban Ajuma, shekara nawa kana kamo tarwaɗa ba ka taɓa gyara ko ɗaya ba? Zuciyarta in na ciro na jefar, bugawa take yi a ƙasa. Kyanwar nan har zama take yi ta jira ta yi shiru kafin ta ci."

Ya miƙe zaune. "Na sani. Ina gwada ki ne."

Ranar rangadi ta zo. Rana tsaka, gari ya taru a fili, ƴan samariya sun yi rawa har sun gaji. Ga jirgin Alfari a tsakiya, an jibga masa kara, an yayyafa fetur. A bayan zana Bibata ta fito da ƙatuwar tarwaɗa da suka aro wurin maƙwabci, ta tsaga, ta ciro zuciyar, ƴar mitsitsiya kamar ƙwayar wake, tana dakawa abinta. Alfari ya miƙo faranti. Ta ture hannunsa.

"A buɗe za ka ratsa jama'a da abu zuwa gaban babban mutum? Ga ƙuda, ga ido. A gidan wa aka yi haka?"

Ta ɗauko kwanon aurenta mai fure da murfi. Rediyo ya ce gishiri, ta barbaɗa gishiri. Hannun Bibata kuwa bai taɓa ɗibar gishiri ya bar yaji ba, sai ya bi da yaji. Ta ga abin ya yi kaɗaici a gindin kwano, ta yanka masa albasa. Ta rufe, ta ce ya riƙe da hannu biyu kamar ɗan mutane.

Kumandan ya riga ya fara jawabi da Faransanci a kan ci gaban kimiyya, kuma ya ba Kanar baya don jama'a su ga bakinsa. Alfari ya zo ya durƙusa ya ajiye kwano. Kanar tun safe yake hanya, cikinsa sai ƙugi yake yi. Kuma ɗan ƙasa ne, ya san cewa in an kawo rufaffen kwano an durƙusa, wanda bai taɓa ba ya wulaƙanta gari. Ya ɗaga murfi, ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Lallai fari ya taɓa ku," ya ce. Ya yi bisimilla, ya haɗa da albasar, ya haɗiye.

Daidai nan Kumandan ya juyo ya ce yanzu mai girma Kanar zai ga zuciya tana bugawa ba tare da jiki ba. Ya dubi kwano. Jama'a suka dubi kwano. Daga nan kowa ya dubi cikin Kanar.

Kanar ya ɗora tafinsa a kan ɗamara. Ya daɗe a haka. Fuskarsa ta canja.

"Tana motsi," ya ce a hankali. Ya dubi Alfari. "Ta wane ne?"

Wani soja ya riga ya ciro ashana. Alfari ya ga haka, harshensa ya saki.

"Ta tarwaɗa ce, ranka ya daɗe. Kifin da ruwa zai janye ya bar shi a laka, a dawo a tarar da shi yana nan."

"Yanzu zuciya nawa gare ni?"

"Biyu, ranka ya daɗe. In ɗaya ta tsaya, ɗaya ta ci gaba da aiki."

A lokacin nan manyan soja da takalmi suke kwana, don ba wanda ya san wanda zai wayi gari a rediyo. Mutum irin wannan ba ya raina zuciya ta biyu. Kanar ya matso da kujerarsa.

"Har yaushe za ta zauna?"

"Sai ana sabuntawa. Sai dai irin wannan tarwaɗar ba ta shiga kowane jirgi. Wancan ta saba da shi tun zamanin babana."

Kanar ya waiwaya ya ga jirgi cikin kara, ya tambayi wane mahaukaci ne ya zuba wa kayan kimiyya fetur. Kumandan ya ce zai bincika. Sojojin da suka jawo jirgin su suka ɗauke shi a kafaɗa suka mayar da shi ruwa, suka wanke shi da sabulu, Alfari yana nuna musu inda suka bari.

Daga ranar nan, binciken Dokta Zakariya'u ya shiga gari. Jandarmomi suka fara haɗiya, ƴan duwan masu karɓar kuɗin fito suka bi, direbobin manyan motoci ba sa kama hanyar Kwatano sai sun haɗiyi ɗaya da albasa. Mutanen Malanbil suna ƙetarowa daga hayin kogi. Wani ɗan dambe ya haɗiyi tuli a zama ɗaya, aka ka da shi a turmin farko, aka ce zukatan ne suka kasa shirya wadda za ta fara. Kyanwar Bibata ta rame ta koma gidan maƙwabta.

Bayan shekaru Zakariya'u ya zo gida, da furfura da tabarau da akwati cike da takardunsa. A teburin Kabo ya yi ta bayani cewa abin da ya shiga ciki narkewa yake yi, kuma shi ƙwayoyi ya ce, ba zuciya ba. Aka saurare shi da ladabi, aka ƙara masa shayi.

"Allah sarki," in ji Kabo bayan ya tashi. "Gaskiyar Alfari ce, bai gama koya ba."

Da zai koma, Alfari ya zaga da shi tungarsu a jirgin, kamar da. A tsakiyar ruwa Zakariya'u ya ce, "Yaya, ka san ƙarya ce dai ko?"

"Ɗaga ƙafarka, Zakari, ruwa yana shigowa nan."

Zakariya'u ya bar wa yayansa takardun don tunawa. Alfari ya jiƙa su da kwalta ya cusa a tsagun katako, ya bi da faci. Har ya tsufa ya daina fita ruwa, duk wanda ya tambaye shi aikin ƙanensa yakan ce shi bai san na Turai ba, amma a nan Gaya ko ɗigo ba ya wucewa.