Tsoho Mai Fuskar Azurfa

Fuskarsa launin toka ce mai shuɗi-shuɗi, ba kyan gani, amma ko gefen rawani bai ja ya rufe ta ba. Yana zaune a shagon Mushtak maƙerin azurfa a kasuwar birnin Multan, yana shan shayi, masu wucewa na kallonsa yana ɗaga musu gira. Launin masu shan ruwan azurfa don magani ne, kuma in ya kama fata ba ya fita. Da gani ya daɗe yana sha.

Ya kwance ƙulli, ya zube siraran wayoyin azurfar da a da yake haɗa ruwan maganinsa da su. Munduwar ƙafa yake so a ƙera wa jikarsa da ta fara tafiya.

"Baba, sai na sirka da jan ƙarfe," in ji Mushtak. "Zallarta taushi gare ta, ranar farko za ta lanƙwashe."

"Ni da a da nake ta zaginka a kan sirki?" Tsohon ya yi dariya har shayin ya zube. "Sirka abinka. Gara a ƙafarta da a cikina."

Da zai tafi, ya juyo. "Duk wanda ya zo neman zalla don ya sha, turo shi gidana ya ga fuskata tukuna."