Kukan Fankar Malam Bube

Har gobe ba zan manta da ranar da na ɓata aikina da hannuna a Shagari ba, kuma da gangan. Ku da kuke sababbi a sana'ar nan ta haɗa kayan kallo da sauti, ku saurara, don wata rana za ku gamu da irinta.

Azumi ne da ya faɗo cikin tsakiyar bazara, lokacin da ko kujerar babur ba ta zaunuwa da rana. Ina shagona a Bodinga sai wani Alhaji Nasiru ya kira ni. Ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, ɗan fari ga Malam Bube, tsohon malamin allo a Shagari wanda idonsa ya tafi. Ya saya wa tsohon talabijin da dikoda da amfilifaya da lasifikoki, aka jera su cikin kabad mai ƙofar gilashi a falo, don ya riƙa jin tafsirin da ake sakawa bayan azahar. Mai tafsirin tsohon ɗalibin Malam ne, shi ya sa ba ya son ya wuce shi.

Matsalar biyu ce. Amfilifaya na ɗaukar zafi ta mutu ana tsakiyar karatu. Sannan ƙaramar fankar da kafinta ya maƙala a bayan kabad tana wani kuka kamar sauro a kunne, da zarar an kawo wuta.

"Garba, so nake ko numfashinta kada a ji," in ji Alhaji. "Baba ba ya gani, kunnensa kawai ya rage masa."

Ga wanda bai san aikin ba, kabad a rufe tukunya ce a kan murhu. Zafi sama yake hawa, don haka sai ka buɗe wa iska mai sanyi hanya ta ƙasa, ka fitar da mai zafi ta sama. Ƙaramar fanka gudu take yi, shi ya sa take ihu. Babba mai juyawa a hankali ta fi ta jan iska, kuma ba ta da baki. Rabin ƙarar ma ba daga fanka take ba, katako ne ke karɓar girgiza yana ƙara ta.

Faɗa da sauƙi, yi da wuya. Na yi ta safa da marwa tsakanin Bodinga da Shagari da bakin azumi, gwiwa na ciwo, maƙogwaro ya bushe. Fankokin da na fara samowa daga Sakkwato ba su yi ba, na mayar. Na huda katako sama da ƙasa, na raba amfilifaya da dikoda don kada su riƙa hura wa juna wuta, na rage ƙarfin wutar da ke zuwa wa fanka, na yanka tsohon tiyub ɗin babur na sa tsakaninta da katako. Kullum Alhaji na kira, wai in kara wayar a jikin kabad ya ji. Mutum yana Abuja cikin sanyin ofis, yana auna mini ƙara ta waya. Na gaji da shi, na gaji da kabad ɗin, har kaina na gaji da shi.

Duk wannan hidima Malam na zaune a kan buzunsa a gefe, da carbi. Ba ya son fankar sama, yana cewa tana sa masa ciwon gaɓoɓi, don haka ni da shi muke shan zufa tare. In na gaishe shi ya amsa, ya sa mini albarka, shi ke nan.

Da na gama, kabad ya yi sanyi, ya yi tsit. Sai ka sa hannu a ramin sama kafin ka san fanka na juyawa. Alhaji ya saurara ta waya bai ji komai ba, ya yi ta yabo. Na koma gida na ce na rabu da Shagari.

Bayan 'yan kwanaki wani aiki ya kai ni Lambara, na ce bari in biya Shagari in duba kabad ɗin. Na yi sallama bayan azahar, na tarar da Malam shi kaɗai, falo shiru, talabijin a kashe. Na kai hannu bayan kabad, iska na fita. Akwai wuta, ga lokacin tafsiri yana wucewa.

"Allah shi gafarta Malam, ba a kunna muku karatu ba?"

"Wuta ta ba su kawo ba, Garba."

"Ai akwai wuta, Malam."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Can ya ce, "Tun yaushe?"

Ban sani ba, shi ma bai sani ba. Na kunna masa, muka samu ƙarshen karatun kawai. Da aka shafa addu'a na matsa kusa na tambaye shi ko haka ake yi kullum. Da ƙyar ya buɗe baki.

"Da can, in na ji kukan abin ga, na san an kawo. Sai in kira Ige ta taho ta kunna. Yanzu ba ni jin komi. Ita ko ƙahwahunta sun gaji, ba ni iya tashe ta daga cikin gida a banza, ta zaka ta iske babu wuta."

Inna Ige matarsa ce, tsohuwa, da sanda take tafiya. Ashe tun ranar da na gama aikin, rabin tafsirin a zaune yake wuce shi, yana jiran ƙarar da na kashe.

"Malam, mi ya hana ku gaya ma Alhaji?"

"Yaron ga ya yi ƙoƙari. In ce mishi mi? Kyautatai ta yi mini illa?" Ko sunansa bai kama ba, ɗan fari ne. Sannan ya ƙara da cewa, a hankali, "Ban sani ba ko ina ganin wani azumin."

Tausayinsa ya kama ni. Na durƙusa bayan kabad, na zare robar tiyub ɗaya daga ƙarƙashin fankar kabad ɗin, na ɗaure ƙusa ta taɓa katako. Wani siririn gurnani ya taso, bai kai ya danne karatu ba, amma mai kunne zai ji. Na cire filogi na mayar don gwaji. Malam ya ɗaga kai, fuskarsa ta saki.

"Yawwa. Ga ta nan."

Ya roƙe ni kada in gaya wa ɗansa, na yi masa alkawari.

Da Sallah Alhaji ya zo gida, ya ji gurnanin, ya kira ni ransa a ɓace. Ya ce aikina bai yi ƙarko ba, ya ce tsufa ya fara kama ni. Na ce ya yi haƙuri. Bai sake ba ni aiki ba, kuma na ji labari ya hana abokansa biyu kirana. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, don sunan mutum shi ne jarinsa a sana'ar nan.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu mai kiran waya daban, mai zama da kayan daban, kuma sau da yawa mai zaman ba zai taɓa cewa komai ba sai ka durƙusa ka tambaye shi. Kafin ku taɓa waya ko ƙusa a gidan mutane, ku nemi wanda zai wuni a ɗakin. Ni na rasa Alhaji da abokansa. Malam Bube kuwa ya ji tafsirin ɗalibinsa har ranar da aka rufe karatun a ƙarshen azumi.