Wasiƙar da Ba Ta da Suna a Baya

Na haura shekara arba'in lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kusada. A daminar ce wani ƙanen mahaifiyata ya dawo daga tsibirin Fanya, bayan ya yi shekaru yana aikin gonar koko. Ya dawo da akwatin ƙarfe ɗaya, da tari, da Sifaniyanci a baki, ba shi da wanda zai yi shi da shi.

Kullum bayan la'asar nakan same shi gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Ya faɗi kalma, ni kuma in rubuta a littafin aji yadda kunnena ya ji ta: agwa ruwa, kasa gida. Yakan yi mini dariya, ya ce harshena ya fi galma nauyi. Ban taɓa jin haushi ba. Sai da muka yi wata bakwai sannan ya faɗa mini abin da yake so. Ya bar ɗiya a can wajen dangin uwarta, ita ce ta fari, ba ta jin Hausa, shi kuma bai iya rubutu ba.

Aka ce wani ɗan tireda na Kankia zai gangara kudu, yana da wanda ke ƙetarawa tsibirin. Kwana huɗu muka yi kan wasiƙar. Kawu na faɗa da Sifaniyanci, ina rubutawa, ina karanta masa yana gyara. Ya shaida mata yana raye, yana da gona, in ta amsa zai je ya ɗauko ta.

Malaminmu na aji ya sha nanata mana cewa ba a aika ambulan sai da suna. Na san haka sarai. Amma a wajenmu mutum ba ya kama sunan ɗan fari, kuma tun da muka fara Kawu bai taɓa cewa komai ba sai "yarinyar nan". Na ɗaga kai zan tambaye shi, na ga furfurarsa, na fasa. Sai na rubuta sunan gonar da sunansa, na ƙara "zuwa ga ɗiyarsa", na liƙe. Ya tambaye ni ko an gama, na ce an gama.

Bayan girbi ɗan tiredan ya maido wasiƙar, ta yi dauɗa, ba a buɗe ba. Ya ce an kai ta har gonar, amma ma'aikatan duk sababbi ne, ba wanda ya san Kawu, kuma ba a neman mace da sunan ubanta kawai. Ya ƙara da cewa yanzu mutanenmu fitowa suke yi daga can, ba mai shiga.

Na kai wa Kawu ita, na tsuguna, na faɗi abin da na yi. Ya daɗe yana jujjuya ambulan.

"Ka san da haka, ɗan nan?"

"Na sani, Kawu."

"Da ka tambaye ni, da na faɗa ma."

Ya juya mini baya, ya fuskanci katanga, ya faɗi sunan sau ɗaya, a hankali. Na rubuta shi. Na yi ta zuwa Kankia ranar kasuwa ina cigiyar mai ƙetarawa, har shekara biyu, ban samu ba.