Inna Hajo na jiran Windows

Jama'a, yau kwamfutata ta hana wata uwa ganin ɗanta.

Kun san shagona na tura waƙoƙi da wa'azi a waya, nan bakin kasuwar Anka. Ƙanena Basiru ne ya saka mini wata manhaja mai suna Linux kusa da Windows a kwamfutar, ya kuma sa Linux ce ke fara buɗewa. In na kunna, sai na danna maɓallin kibiyar ƙasa kafin in zaɓi Windows. Na yi ta fama da shi ya juya su, ya ce sai ya dawo daga Adabka.

Da hantsi sai ga Inna Hajo. Ɗanta Sani ramin zinari ya rufta da shi bara. Bidiyonsa ɗaya tak ya rage, yana cikin Windows ɗina, duk ranar kasuwa takan zo ta kalla.

Na kunna, na danna ƙasa. Maɓallin ya mutu! Ga Windows ina gani a layi na biyu, ba halin isa gare ta. Linux ta buɗe tana neman lambar sirri, Basiru kaɗai ya san ta. Na kira shi, ba sabis. Na kashe na kunna, haka dai.

Inna ta leƙo ta ce, "Nan ma ya tafi?"

Na ce, "Yana ciki, Inna, wallahi yana ciki."

Ta gyara zama kan benci. "To, ina jiran shi."

Don Allah wa ya san yadda ake sa Windows ta fara buɗewa? An yi la'asar, tana nan zaune.