Na Auna Filin Baba Isiya da Dami

Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da 'ya'ya da jikoki a Talata Mafara, kuma ba su suka aikata abin da na aikata ba. Ku dai sani ni ɗan tela ne, na gama firamare a lokacin da masu karatun boko a unguwarmu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Rubutuna yana da kyau, kaina kuma yana ja a lissafi. Duk ranar Talata nakan kafa teburi a bakin kasuwa ina rubuta wa mutane wasiƙa. Mahaifina ya rasu yana alfahari da ni, kuma har yau ina gode wa Allah da bai ga inda na ƙare ba.

Ɓarnar da ƙaramin abu ta fara. Mutum ya ba ni kuɗin kan sarki biyu, in manna ɗaya, in soke sauran a aljihu. Ranar farko na wuni har la'asar ina jiran a dawo a tsare ni. Ba wanda ya dawo. Da aka fara aikin dam ɗin Bakolori, ruwa ya ci gonakin mutanen Maradun da wasu ƙauyukansu, manoma suka riƙa kawo min takardun diyya in karanta musu. A nan na gane cewa duk abin da bakina ya faɗa, a wurinsu shi ne a rubuce. Na fara karɓar na goro da sunan zan kai kukansu gaba, alhali ko ƙofar ofishin ban taɓa shiga ba.

A shekarun nan gari ya cika da baƙi, direbobi da makanikai da ma'aikata, kowa yana neman ɗakin haya. Wani ɗan kasuwa, Alhaji Garba, ya tara mutum shida suka kafa ɗan ƙaramin kamfani. Suka sayi wani fili a bayan gari ta hanyar Bakura, tsohuwar gona ce mai tsakuwa da kangon gida a tsakiya, da niyyar su rushe su gina ɗakuna da shaguna. Aka raba mallakar filin gida ashirin, kowane kaso ana ce masa hannun jari ɗaya. Ni aka ɗauka magatakarda.

Cikinsu akwai Baba Isiya, dattijo daga wani ƙauyen Maradun da ruwa ya shafe. Duk diyyarsa ya zuba ya sami hannun jari huɗu, don an ce masa ƙasa ce zai mallaka, shi kuwa ban da ƙasa bai yarda da komai ba. Ɗana yake ce da ni. In ya shigo gari ba ya zuwa hannu sake, ko gyaɗa ce sai ya ƙullo min a gefen rawani.

Shekara biyu ba a ɗora ko bulo ɗaya ba. Rannan Baba Isiya ya same ni, bayan mun gaisa har da tambayar awaki, ya ce ya ga wata fadama a Dakko mai ita yana son sayarwa kafin ruwa ya sauka. 'Ya'yansa maza biyu suna zaune ba gona, har sun fara maganar tafiya Kudu. Yana son a fitar masa da rabonsa ya sayi fadamar ya zaunar da su. Ƙa'idar kamfanin ita ce, in mutum zai fita, magatakarda ya ƙimanta hannun jarinsa, sauran abokan su fara saye.

Aikin ba shi da wuya ga mai tsoron Allah. Ka tambayi dillalai nawa filin zai yi in yau za a sayar, ka haɗa da kuɗin rijiyar da aka haƙa da bulon da ke ajiye, ka cire hakkin magini da ba a biya ba, ka raba ashirin. Abin da ya fito ka ninka huɗu, rabon Baba ke nan. Kuma duk abin da ka sani wanda zai ɗaga darajar filin, dole ka faɗa.

Ni kuwa na san wani abu. Akwai wani ma'aikacin awo, Bulus, Kirista ne da aiki ya kawo shi garin, muna shan shayi a teburi ɗaya. Shi ya gaya min sun kafa turaku masu jan fenti da lamba a gaban filin, sabuwar hanyar gidajen ma'aikata ta nan za ta bi. Filin da hanya ta ratsa gabansa ya daina zama gona, ya zama bakin titi, kuɗinsa sai ya ninka ya sake ninkawa. Maimakon in gaya wa Baba, sai na gaya wa Alhaji Garba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Tsohon ga manomi na. Kai da ka yi boko, da mi manomi ka awon ƙasa?" Na gane nufinsa. Ya yi min alkawarin hannun jari ɗaya cikin huɗun.

Ranar Juma'a, lokacin da kowa ya tafi masallaci, na ɗauki buhu na nufi filin. Ina jin muryar liman daga nesa ina tuge turakun nan, guda tara. Duk tsuntsun da ya tashi sai in ɗauka mutum ne. Na kawo su gida na cusa a bayan rumbu. Ita ce Juma'ar farko da na bari da gangan tun da na yi wayo.

Washegari muka je filin, ni da Baba da Alhaji da shaidu biyu. Baba ya durƙusa ya damƙi ƙasa ya murza, tsakuwa ta zube ta tsakanin yatsunsa. Na ce masa ni yaro ne, shi ya san ƙasa, dami nawa wurin nan zai ba da? Ya ji daɗin an girmama saninsa. Ya zaga gabas da yamma yana takawa a hankali, ya dawo ya ce, "Ɗana, ko damana ta yi kyau ba ta wuce dami talatin. Ba ni yi maka ƙarya." Shaidun ma manoma ne, suka gyaɗa kai. Ba wanda ya tuna cewa ba dawa za a shuka a wurin ba. Na rubuta kuɗin gonar dami talatin, na raba ashirin, na ninka huɗu. Abin da ya fito bai kai ma abin da ya zuba ba.

Baba ya ce haka Allah ya so, ya dangwala yatsa. Kwana biyu bayan haka ya aiko min da zakara, tukuicin wahalar da na yi. Matata Hajara ta dafa shi, na ƙi ci, na ce cikina ne ke ciwo.

Kuɗin bai kai ko rabin kuɗin fadamar ba. Wani ya saye ta. Baba ya sami 'yar gonar tudu a gefen Dakko, wadda ba za ta ci da gida ɗaya ba. 'Ya'yansa suka hau mota suka yi Kudu.

Daga nan tsoro ya tare a gidana. Lokacin ran manoma a ɓace yake kan maganar diyya da gonaki, ana tare hanyoyi, motocin 'yan sanda suna wucewa cike. A wajen mai shayi ina jin abin da mutane ke cewa za su yi wa duk wanda suka kama ya ci hakkin waɗanda ruwa ya tasa, ni ma in ce wallahi ya cancanta. In aka yi sallama a ƙofar gida sai in ɗauka ni aka zo kamawa. In na hango rawani irin na Baba a kasuwa sai in bi ta layin masu tukwane. Nakan tsaya a salla in rasa raka'a nawa na yi. Turakun kuwa na kasa rabuwa da su. In na ƙone, Hajara za ta tambaya. In na ɗauka zan jefa a magudanar ruwan dam, sai in ga kamar duk garin ni yake kallo. Kullum ina cewa gobe.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, mai shela ya zaga ya ce kowa ya ɗaure dabbobinsa kada su shiga gonakin mutane, kamar yadda ake yi kowace damina. Ranar ina Bakura. Hajara ta nemi turke ta rasa, ta leƙa bayan rumbu, ta ga buhu cike da turaku fiƙaƙƙu masu kyau. Ta yi murna, ta sa aka kafa su a gindin darbejiyar ƙofar gida, aka ɗaure awakinmu.

Na dawo da hantsi washegari na tarar da Bulus zaune a kan dakalina. An dakatar da shi daga aiki, an ce bai kafa turakun ba, ya ci kuɗin katako. Ya zo in rubuta masa takardar koke. Bai amsa gaisuwata ba, awakin yake kallo. Ya nuna ɗaya ya ce, "Malam, lamba sha bakwai ke nan. Da hannuna na rubuta ta."

Na durƙusa a gabansa a bakin hanya, na roƙe shi, na ce zan ba shi duk abin da na samu. Ya ce yana da 'ya'ya huɗu, kuma wata guda ke nan ana nuna shi a matsayin ɓarawo. Ya sunkuya ya kwance akuyar, ya miƙo min igiyar a hannu, ya tuge turken ya tafi. Na fi minti goma a tsaye riƙe da akuya, na kasa shiga gida.

Kafin azahar magana ta zaga gari. Allah ya sa 'yan sanda suka riga jama'a isowa. Ina cikin mota ina jin duwatsu suna sauka a jikinta, kuma ban taɓa zaton zan yi murna da jin an kulle ni a ɗaki ba sai ranar. A kotu Alhaji Garba ya ce shi bai iya karatu ba, abin da magatakarda ya rubuta shi ya biya. Aka duba takardu, ba rubutun kowa sai nawa. Aka rushe cinikin, aka mayar wa Baba hannun jarinsa, ni kuma aka ɗaure ni shekara uku kan zamba cikin aminci da tuge turakun gwamnati. Sai dai mayarwar ba ta amfane shi ba. Abokan kamfanin suka daina yarda da juna, rigima ta ɓarke, filin ya zauna ba gini ba sayarwa.

A gidan yari ba yunwa ko ƙwarƙwata ce ta fi damuna ba. Fuskar Baba ce lokacin da yake murza ƙasar nan yana cewa ba ya yi min ƙarya. Can na tuba, na koma salla da gaske, amma na san tuba ba ta cika sai na je gabansa, kuma wannan zuwan ya fi ba ni tsoro a kan alƙali.

Aka sake ni da kaka. Na kwana biyu a gida, na uku na tafi Dakko. Na same shi zaune a bakin 'yar gonarsa, idanunsa sun kusa mutuwa. Maƙwabta sun taya shi girbi, an jingine dammuna a tsakiyar gona. Da na yi sallama ya gane muryata. Ya amsa gaisuwa duka, bai rage ko ɗaya ba. Na faɗi abin da ya kawo ni ina kuka. Ya ce, "Abu guda nika son ji. Sa'ad da kat tambaye ni dami nawa, ka riga ka san hanya za ta bi?" Na ce na sani, Baba. Ya ce ya yafe, don shi ma yana neman gafarar Allah. Ɗaya daga cikin 'ya'yan yana aiko da saƙo, ɗayan kuwa tun da ya tafi ba a ji ɗuriyarsa ba.

Da zan tafi ya ce tunda ina da ido, in ƙirga masa dammunan. Na ƙirga sau uku, na ce goma sha ɗaya ne. Ya gode min. Sannan ya ɗaga murya ya kira maƙwabcinsa da ke gonar kusa, ya ce don Allah ya zo ya sake ƙirga masa. Ina tsaye mutumin ya ƙirga. Goma sha ɗaya ne.

Ku matasa masu ilmi, da ku nake. Za a kawo muku takardar gado, ko ta fili, ko ta jari, a ce ku faɗi darajarta, don wanda ya kawo bai iya ba kuma ya yarda da ku. Ku faɗi duk abin da kuka sani, har wanda ba a tambaye ku ba. Kada ku auna wa mutum dukiyarsa da mudun da kuka san ba shi ne nata ba, ko da shi ya miƙo muku mudun da hannunsa. In wani babba ya ce ku rubuta, ku tuna rubutunku za a karanta a kotu, ba nasa ba. Kuma kada ku raina kan sarki ɗaya, ni daga nan na fara. Na gama ɗaurina, Baba ya yafe min, Bulus ma daga baya ya yafe. Amma yau na tsufa a garin da aka haife ni, kuma ko buhun gero na ƙirga a kasuwa, sai an kira wani ya sake ƙirgawa.