Kawuna a Gefen Hoton Tuluna

Shekarar da soja suka karɓi mulki, ga kuma fari ya cinye karkara, ina aiki a biro, wato ofishin wasu masu binciken kayan tarihi a Yamai. Aikina a gaban ordinatar yake, wato kwamfuta. In sun dawo daga daji sai in juye hotunan da ke cikin aparai, na'urar ɗaukar hoto, in zaɓi masu kyau, in gyara su don littafin da za a buga.

Wata safiya shugabanmu, wanda muke kira Mushe kamar a Faransanci, ya kawo mini hotunan wani kufai da ke yamma da kogi, inda suka tono manyan tulunan da mutanen dā suke binne mamatansu da su. Ya nuna ɗaya da yatsa.

"Madam, wannan ya fi kyau. Amma ki yanke gefen dama, tulun muke so, ban da leburori."

Na ƙara girman hoton don in ga inda zan yanke. A gefen akwai wani mutum tsugune, riƙe da kwanon ƙasa, ramamme, rigarsa kamar an rataya ta a sanda. Sai idona ya kai kan kunnensa na hagu, mai tsaga. Na ƙara girma, na sake ƙarawa har hoton ya fara dushewa.

Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Ƙahon wani sa ne ya tsaga masa kunnen tun yana saurayi. A wajen Tawa an san shi da shanu, kuma tun ina yarinya man shanun gidanmu daga wurinsa yake zuwa. Da ciyawa ta ƙare ya kora garkensa yamma, saƙonsa na ƙarshe kuwa cewa ya yi komai lafiya.

"Mushe, wannan mutumin fa?" na tambayi shugabanmu.

"Wani bawan Allah ne da ya zo neman aiki. Ya ce dabbobinsa sun mutu a hanya. Ba ya magana, in an ba su abinci ma baya yake juyawa ya ci. Kin san shi?"

Da na faɗa masa, sai ya cire tabarau ya zauna.

Na yanke hoton yadda aka ce, amma na buga cikakkensa a takarda na tafi da shi gidanmu a unguwar Talladje. Inna tana tsintar shinkafa. Ta karɓa, ta nisanta shi da idonta, ta matso da shi.

"Wane ne wannan tsoho?"

"Inna, ki dubi kunnen."

Farantin ya kife. Salati kawai take yi, tana shafa takardar da tafin hannu.

Da motar aiki za ta koma kufan, shugabanmu ya ba yayana wuri don ya je ya taho da Kawu. Yayan nawa ne ya ba mu labarin yadda suka yi. Kawu yana ganinsa ya miƙe, ya tambaye shi wa ya ce yana nan. Yayana ya miƙa masa takardar. Kawu ya dube ta ya ce, "Ashe haka na koma?" Ya ce ba zai shiga gidan yayarsa hannu wofi ba. Sai da yayana ya rantse shi ma ba zai bar wurin ba, sannan ya ɗauko sandarsa.

Da suka iso na durƙusa na gaishe shi, na kasa ɗaga ido.

"Ɗiyata, ke ce kika tona ni?"

"Ni ce, Kawu."

Ya girgiza kai, ya ɗan yi dariya.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Da ya ɗan murmure sai ya samu aiki a gonakin shinkafa na Saga, kullum ya dawo da laka har gwiwa. Da ruwa ya sauka ya sayi 'yan awaki, muka raka shi tasha ya koma Tawa.