Dodannin Ɗakin Ƙasa

Ranar Litinin ta farko a watan Yuni, Habibou ya dawo daga Manhattan a jirgin ruwan ƙarfe shida, ya tarar an turo takarda ta ƙarƙashin ƙofarsa. Rubutun mai gidan ne, Mama Keziya, layi biyu da Hausa. Ɗakinsa na sama yana nan yadda yake, amma ɗan ɗakin ƙasan nan da ta ba shi na ajiya, tana so ya kwashe duk abin da ke ciki kafin ƙarshen wata. Ba ta faɗi dalili ba. Ya juya bayan takardar ko akwai ƙari, babu.

Abin da ke cikin ɗakin faifan fim ne guda ɗari da tamanin da uku, kowanne a gwangwaninsa, da majigi biyu, da farin zanin gado da aka kafe a bango. Irin siririn fim ɗin nan ne mai faɗin milimita takwas, wanda Turawa ke saya su kalla a falo tun kafin a san kaset. Kuma duk finafinan dodanni ne masu araha: ƙadangaren da ya fi bene tsawo, kaguwar da ke kifar da jirgi, wani abu mai gashi da ke fitowa daga kogo ya sure 'yar shugaban ayari. Irin wannan fim ba ya son zafi. Ɗakin Habibou kuwa daga shi sai rufin gida, a watan Yuli ko kyandir ka ajiye lanƙwashewa yake yi. Idan faifan suka hau sama, rani ɗaya ya ishe su.

Habibou ɗan Maraɗi ne, shekarunsa hamsin da takwas, ashirin da huɗu daga ciki a New York ya yi su. Yana da tebur a bakin titi inda yake sayar da tabarau da huluna da wayar caji, lema kuma idan hadari ya haɗo. Sana'ar ta koya masa kallon hannun mutum kafin fuskarsa. Wanda ya tsaya yana yabon kaya bai taɓa ba, Habibou ya san yana jiran ya juya ne. Wanda ya cika fara'a, ya fi wancan. Ba ya faɗa da kowa, yana sallah a kan lokaci, yana aika wa iyalinsa abin da ya samu, amma ko limamin masallacin unguwarsu ta Stapleton ya ce masa an ga wata, sai ya ɗaga kai ya duba.

Son dodannin tun daga gida ne. A Maraɗi akwai wata silima marar rufi, mai gadinta idan fim ya yi rabi yakan buɗe ƙofa ya bar yaran unguwa su shige su zauna a ƙasa gaban allo. Saboda haka Habibou bai taɓa ganin farkon fim ba. Bai san dalilin da ya kai Turawan nan tsibirin ba, bai san wa ke son wa ba. Shi dai yana zama, ƙasa za ta fara girgiza. Ba su san sunayen finafinan ba, su suke raɗa musu nasu. Wanda ya fi tsaya masa a rai suna ce masa Kada Mai Ƙaho. Da ya zo Amirka, wata Asabar a kasuwar tsoffin kaya a New Jersey, ya ɗaga wani faifai ya duba a hasken rana, sai ga kaguwar nan ta yarintarsa, ƙanana ƙanana, hoto bayan hoto. Mai kayan ya gaya masa ba cikakken fim ake sawa a irin wannan faifai ba, yanke surutun ake yi a bar wurin dodo, minti goma sha wani abu. Habibou yakan ce kamar don shi aka yanka su. Kada Mai Ƙaho kuwa sai da ya shekara goma sha ɗaya yana nema, domin ba a tambayar abin da ba ka san sunansa ba.

Takardar Mama Keziya ba ta zo masa da mamaki sosai ba, don tun watan Afrilu ya lura ana taɓa masa ƙofa. Yakan maƙala zare a saman ƙofar idan zai fita, sau uku yana samun zaren a ƙasa, ko da yake kwaɗon lafiya lau. Ya ga maiƙo a jikin katakon, kamar an shafa mai da yatsa. Sannan ga wani wari mai tsami, irin na binega, da ya fara tashi a ɗakin. Ya haɗa ukun ya yanke hukunci: wani ne ke so ya lalata masa kaya ko ya tsorata shi ya sayar, kuma ya san mutum ɗaya da zai amfana.

Kassim ɗan Zangon Kumasi ne, yana da motar ɗaukar kaya a Port Richmond. Idan tsoho ya mutu magada suka ce a share gida, shi ake kira, kuma daga hannunsa kusan rabin faifan Habibou suka fito, har da Kada Mai Ƙaho. Sau biyu yana cewa yanzu yaran Turawa na neman irin kayan nan a intanet. Habibou bai manta ba.

Ranar Laraba bai fita da tebur ba, ya je ya sami Kassim yana sauke tsohuwar kujera. Suka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi mota, sannan ya tambaya, kamar abin bai dame shi ba, ko kwanan nan hanya ta bi da shi ta Stapleton. Kassim ya ce ta bi, ya kai wa Mama Keziya injin wanki. Habibou ya kalli hannunsa. Injin wankin a ƙasa yake, taku huɗu daga ƙofar.

Kassim ya ajiye kujerar ya zauna a kanta. Hausarsu ta Zango ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne.

"Massa, daina kallona kamar na sace maka tabarau. Mamanka na gida ne ya tare ni. Ya ce in gaya masa tsakanina da Allah, kai kana yanka kaza a ɗakin nan?"

"Kaza? Ta mi?"

"Ta dodo mana. Ya ce ya ji ka ta bututun ɗumama gida kana waya, kana cewa dodanninka ba su son haske, ba su son zafi, babban ya fara wari. Ni na ce masa fim ne. Ya ce haka za ka ce in ce."

Habibou ya tuna wayar. Da Kassim ɗin ma ya yi ta. Duk da haka bai saki zarginsa a nan take ba, ya tambaya ina aka samo maiƙon da ke jikin ƙofa. Kassim ya yi dariya har da buga cinya, ya ce man addu'a ne na coci, matarsa Adjoa ma tana da irinsa a kwalba. Zaren kuma duk wanda ya dafa ƙofa yana addu'a zai kayar da shi. Batun wari kuwa, ya ce, kada Habibou ya raina wa kansa hankali, ya fi kowa sanin abin da ke sa tsohon fim tsami.

Ya sani ɗin. Tsohon fim yana da cutarsa: jikinsa kan fara ruɓewa, ya yi warin binega, ya motse, kuma tururin yana kama na kusa da shi. Ba a warkar da shi, sanyi mai tsanani ne kawai ke rage masa gudu. Wata biyu Habibou yana zagaye gwangwani ɗaya bai buɗe ba, ya gwammace a ce maƙiyi ne ya zuba masa wani abu.

Mama Keziya 'yar kudancin Kaduna ce, nas a gidan kula da tsofaffi. Mijinta Nataniyel ya rasu ya bar mata gidan. Shekara tara Habibou yana haya a wurinta, gaisuwa ce kawai tsakaninsu, sai tuwon Kirsimeti da naman Sallah. A ƙauyensu dodo ba abin tatsuniya ba ne. Yana da ɗakinsa, yana da masu kula da shi, idan ya fito mata kan shige ɗaki su rufe. Ita ta bar wannan tun tana yarinya, kuma ba ta ƙetare teku don ta same shi a ƙarƙashin kicin ɗinta ba.

Ranar Lahadi da ta dawo daga coci ya tare ta a bakin matakala, ya roƙe ta minti goma sha biyar. Ta dube shi daga hula har takalmi. Ta ce za ta sauko, amma ƙofa a buɗe, kuma ba za ta zauna ba. Ta sauko da ɗankwalinta na coci da jakarta a hammata, ta tsaya ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ta ja hanci. Ta tambayi abin da ke cikin gwangwanayen, ya ce ta zaɓi wanda take so ya buɗe. Ta nuna uku daga wurare daban daban, har da na can ƙasa a lungu, ya buɗe mata. Ta ce, to, wanne ne babban?

Ya ɗauko Kada Mai Ƙaho. Yana ɗaga murfin warin ya bugi su biyun, har ta ja da baya. Gefen fim ɗin ya fara yin tudu da kwari. Ya zura shi a majigi a hankali, ya toshe 'yar tagar ɗakin da kwali, ya kunna.

Launin ya koɗe ya koma ja. Wasu Turawa huɗu da bindigogi suna gudu a cikin ciyawa, mace ɗaya ta faɗi kamar yadda suka saba, ƙasa ta girgiza, Kadan ya taso daga fadama yana ruri. Habibou ba allon yake kallo ba, hannunta yake kallo, yana cikin jaka, inda yake zaton kwalbar man addu'ar take. Kadan ya taka wata bukka, ya juya zai bi jirgin kwale-kwale.

"Tsaya," in ji ta. "Mayar da shi baya."

Ya mayar.

"Malam Habibou, wannan ai zif ne a bayansa. Kuma ko ɗinkin kirki ba su yi ba. Ga takalmin mutumin can ma ya leƙo."

"Shi ne, Mama. Tun ina ɗan shekara goma na gane shi. Duk mun gani, kuma duk muka yi ihu."

Ta ci gaba da kallo har faifan ya ƙare, wutsiyarsa tana bugun ƙarfe. Sannan ta ba shi labarin da ta ce ko Nataniyel bai sani ba. Tana 'yar shekara tara dodo ya fito a garinsu, ta leƙa ta tsagar ƙofa, ta ga ƙafar da ke ƙarƙashin ganyen da dodon ya lulluɓa da shi. Babban yatsan ba farce. Ƙafar kawunta ce, wanda ke kawo mata rake. Habibou ya ce to ai ta ga babu komai ke nan. Ta ce a'a.

"Sanin mutum ne a ciki bai rage mini tsoro ba. Daga ranar ma na fara."

Ya shiga naɗe fim ɗin. Ta tambayi warin, ya gaya mata gaskiya, har da cewa idan faifan ya zauna a nan zai shafa wa sauran, idan ya hau sama kuma ba zai ga watan Satumba ba. Ta yi tambayoyi irin na nas: tun yaushe, yana yaɗuwa ta iska ne ko ta taɓawa, sanyi nawa yake so. Ya amsa. Ta ce mai cuta ware shi ake yi, wannan kowa ya sani.

Sharuɗɗanta biyu ne. Ɗakin zai zauna a hannunsa, amma za ta riƙe makulli ɗaya, ta shiga duk ranar da ta ga dama ba sallama. Na biyu, ya daina kiran su da sunan nan a gidanta, ya ce fim. Na biyun bai dame shi ba. Na farkon ne ya tsaya masa a wuya, domin a shekara ashirin da huɗu bai taɓa ba wani mahaluki makullinsa ba. Ya dubi gwangwanayen nan jere har saman bango. Ya ciro makullin daga zobe, ya daɗe yana fama da shi da farce, ya miƙa mata.

Kada Mai Ƙaho yanzu yana cikin babbar firizar Mama Keziya da ke gefen injin wanki, cikin leda uku, tsakanin kuɓewa da ƙafar saniya. Ita ce ta ce a sa shi a nan, don ta riƙa ganin inda yake. Ba a kallonsa kuma. Duk Juma'a idan Habibou ya dawo daga masallaci yakan sauka ya ɗaga murfin ya duba zaren da ya ɗaura a bakin ledar. Har yanzu zaren bai motsa ba. A jikin murfin firizar dai, wajen dama, kullum akwai ɗan maiƙo sabo, faɗin yatsa ɗaya. Bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa tambayar zaren ba.